Fuskar Baƙo a Allo, Alƙalami a Hannun Mai Gida

Bara, wajen ƙarshen damina, yayata da ke aikin jinya a arewacin Ingila ta kira ni ranta a ɓace. 'Yarta mai shekara tara ta dawo daga makaranta da kwanon abincinta yadda aka zuba shi, ko cokali ɗaya ba ta kai baki ba. Dambun shinkafa ne da zogale, an barbaɗa masa yaji mai daddawa. Da aka matsa mata, sai ta ce tana buɗe murfin wata yarinya ta toshe hanci. Na ce a ba ta wayar. "Kawu," in ji ta, da Hausarta da ta fara kakkaryewa, "ni burodi nake so, irin na kowa."

Muna gama magana sai na tuna na taɓa ganin abin nan sak a talabijin. A kashin farko na Fresh Off the Boat, wanda tashar ABC ta Amurka ta fara nunawa a 2015, wani yaro ɗan asalin Taiwan ya buɗe taliyar da mahaifiyarsa ta dafa masa, yara suka yamutsa fuska suka tashe shi daga teburinsu, ya koma gida ya dage sai an saya masa abincin Turawa. Na ce wa Yaya su zauna su kalla tare. Bayan kwana biyu ta sake kirana. Wai yarinyar ta yi tsit har aka gama, sannan ta juyo ta ce, "Mama, ashe ba ni kaɗai ba ce."

Wannan shi ne abin da masu fafutukar wakilci a fim suke nufi, kuma ni ba na raina shi ko kaɗan. Yaron da ya tashi a ƙasar da ba ta iyayensa ba yana bukatar ya ga gida irin nasu a allo, ya ji ana kiran suna irin nasa ba tare da an yi dariya ba. Sai dai tun da na fara bin waɗannan shirye-shirye da rigingimun da suka biyo bayansu, na lura cewa fuskar da muke gani ita ce abu na ƙarshe da ake zaɓa. Kafin a kai gare ta an riga an gama yanke hukunci a wani ɗaki da mai kallo ba ya gani: wa ya rubuta labarin, wa aka ɗauka zai zauna ya kalla, wa ya zuba kuɗi. Nan ne wakilci yake samuwa ko ya salwanta.

Su kansu iyalan baƙin da ake nunawa a waɗannan shirye-shirye doka ce ta kawo su. A 1948 Birtaniya ta ba 'yan ƙasashen da take mulka damar shiga su zauna, a watan Yunin shekarar kuma jirgin ruwan Empire Windrush ya sauke ɗaruruwan mutanen Karebiyan a Tilbury. Amurka ta soke tsarin kason da ya fifita Turawan arewaci da yammacin Turai a 1965, Kanada ta kawo tsarin zaɓar baƙi bisa maki a 1967. Waɗanda suka shigo ta waɗannan ƙofofi ba su da sukunin ba da labari. Suna shago, suna asibiti, suna tuƙin tasi, suna wanki da guga. 'Ya'yansu ne suka girma suka shiga harkar rubutu da wasa, shi ya sa labaran suka yi jinkirin shekara ashirin zuwa arba'in kafin su iso allo. Shi ya sa kuma kusan kullum da idon ɗa ake kallon uba. Ɗan ne yake da ciwon zuciya da buri da soyayya, uban kuwa an bar shi da karin harshe da tsumulmula da faɗa a kan karatun likita. Wannan gurguncewa ce da ta daɗe a irin waɗannan labarai, ko da 'yan gida ne suka rubuta.

Kafin 'ya'yan su iso, wasu ne suke zana baƙo yadda suka ga dama. Manyanmu da yawa sun sha dariya da Mind Your Language, shirin Ingila na 1977 a kan ajin koyon Turanci na dare, inda kowane ɗalibi tambarin ƙasarsa ne kawai: ɗan Indiya da ɗan Pakistan kullum cikin cacar baki, 'yar Sin kullum cikin ambaton Mao. A 1979 gidan talabijin ɗin da kansa ya dakatar da shi saboda wannan. A Amurka kuwa, Apu, Ba'indiye mai shago na cikin shirin zane-zane The Simpsons, ya shekara kusan talatin yana magana da muryar Bature, Hank Azaria, har sai da Hari Kondabolu ya yi fim a 2017 yana bayyana yadda aka riƙa tsokanar yaran Indiyawa da wannan murya a makaranta. Azaria ya ajiye rawar a 2020. Ƙididdiga ma ta nuna girman giɓin. Wani bincike na cibiyar Annenberg ta Jami'ar Kudancin Kalifoniya da aka fitar a 2021 ya duba manyan fina-finai 200 na 2017 zuwa 2019, ya tarar Musulmi kashi 1.6 cikin ɗari ne kacal na masu buɗe baki su yi magana, alhali kusan rubu'in mutanen duniya ne.

To, da masu harkar suka ji matsi, sai suka ɗauki hanya mafi sauƙi, wato a ƙara fuskoki. A nan ne labarin Margaret Cho yake da muhimmanci. A 1994 ABC ta ba ta All-American Girl, shirin barkwanci a kan iyali 'yan asalin Koriya. An yi ta shelar cewa an kafa tarihi. Amma a cikin masu fitowa a matsayin manyan iyalin ita kaɗai ce Bakoriya, akasarin masu rubutu da masu iko kuwa ba su san gidan Bakoriye ba. Cho ta ba da labari daga baya cewa an ce mata fuskarta ta cika faɗi, ta shiga rage ƙiba da gaggawa har ƙodarta ta samu matsala aka kwantar da ita. Wani lokaci a ce Asiyancinta ya yi yawa, wani lokaci a ce bai isa ba, har aka ɗauko mai ba da shawara ya koya mata yadda ake zama 'yar Asiya. Kashi 19 aka yi aka rufe. Darasin da manyan tashoshin suka ɗauka shi ne irin wannan iyali ba ya sayuwa, ba su ce mu ne muka ɓata ba. Sai da aka shekara ashirin cur kafin a sake gwadawa.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne Kim's Convenience na Kanada, domin shi ba faɗuwa ya yi ba. Ins Choi, wanda aka haifa a Koriya ya tashi a Toronto, ya fara rubuta shi a matsayin wasan dandamali da aka nuna a 2011, tashar CBC ta mai da shi shiri mai dogon zango a 2016. Miji da mata masu ƙaramin shagon unguwa, da ɗansu da ya bar gida cikin fushi, da 'yarsu mai son ɗaukar hoto. Ya samu karɓuwa a ciki da wajen Kanada, ana buga misali da shi. Kwatsam a 2021 aka sanar da cewa zango na biyar shi ne na ƙarshe, duk da an riga an amince da na shida, saboda masu ƙirƙirarsa biyu sun tafi. A watan Yuni sai Simu Liu, wanda ya fito a matsayin ɗan, ya yi dogon rubutu a Facebook. Ya ce masu shirya shirin galibinsu fararen fata ne, 'yan wasan da suka rayu irin wannan rayuwa kuwa ba a ba su damar sa baki a labari ba, ga albashi maras tsoka. Jean Yoon, wadda ta fito a matsayin uwar, ta biyo baya. Ta ce rashin marubuta Koriyawa, musamman mata, ya sa aikin ya zame mata azaba, ana kuskure hatta a kan abincin Koriya, kuma akwai labaran da sai da 'yan wasan suka haɗa kai suka nuna rashin yarda saboda wariyar da ke ciki. Daɗin daɗawa, da aka tashi cire wani sabon shiri daga jikin wannan, sai aka ba wa mace ɗaya tilo farar fata a cikin manyan 'yan wasan.

Shekara biyar mutane suna tafa wa shirin da su masu fuskar suke hadiye takaici a bayansa. Dalilin yana cikin yadda ake aikin. Shirin talabijin a can ba mutum ɗaya yake rubuta shi ba. Akwai ɗakin marubuta, mutum shida ko goma ko fiye, a ƙarƙashin shugaba guda wanda maganarsa ce yankan wuƙa. Ɗan wasa yana karɓar takarda ne bayan an gama. In ya ga an rubuta abin da uwarsa ba za ta taɓa faɗa ba, zaɓinsa biyu ne, ko ya yi shiru ko a kira shi mai wuyar sha'ani. Ko da an sa ɗan gida ɗaya a ɗakin, in ƙarami ne, aikinsa bai wuce a juyo a tambaye shi "haka kuke yi?" ba, sannan in magana ta tashi a nuna shi a ce ai da naku aka yi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai in an bar shi ya hau rufin.

Inda aka bar shi, bambancin a fili yake. Desmond's, wanda Channel 4 ta nuna daga 1989 zuwa 1994, a kan iyali 'yan Guyana masu shagon aski a unguwar Peckham ta Landan, Trix Worrell ne ya rubuta shi, mutumin da aka haifa a Saint Lucia ya tashi a unguwar. Har yau ana kallonsa ba tare da jin kunya ba. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Bob Hearts Abishola na CBS, daga 2019 zuwa 2024. Chuck Lorre, ɗaya daga cikin manyan masu shirya barkwanci a Amurka, ya so yin labarin wani mai kamfanin safa a Detroit da ya kamu da son ma'aikaciyar jinya 'yar Najeriya. Shi da abokan aikinsa biyu duk Turawa ne. Suka nemo Gina Yashere, mai barkwanci haifaffiyar Landan 'yar asalin Najeriya, da niyyar ta ba da shawara kawai. Ta ƙi tsayawa a nan. Ta zama ɗaya daga cikin masu ƙirƙirar shirin, ta shiga ɗakin rubutu, ta fito a ciki a matsayin Kemi, ta kuma matsa aka ɗauko Baƙaƙen marubuta. Folake Olowofoyeku, wadda ta tashi a Najeriya, ita ta ɗauki rawar Abishola. Duk wanda ya san gidan Bayarabe zai ga hannun 'yar gida: yadda ake rusunawa a gaida babba, yadda inna take sa ido a kan wanda ya zo neman aure, yadda ake zubo Yarbanci ba tare da neman afuwar kowa ba, yadda uwa take ɗaukar maki 90 a jarrabawa a matsayin an yi asarar goma. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Amma a duba sunan shirin. Bob ne a gaba. Shi ne ƙofar da aka buɗe wa Ba'amurke ya shigo ta cikinta, shi ake yi wa bayanin kowace al'ada, da mamakinsa ake auna abin da yake baƙo. Wannan ya kai mu ga tambaya ta biyu, wadda a ganina ta fi ta farko zurfi: wa marubucin ya hango zaune a gaban talabijin? In ya hango mai gida, to dole labarin ya riƙa tsayawa yana fassara kansa. Dole a nemo abin da mai gida zai gane nan take. Shi ya sa wasu abubuwa suke ta maimaituwa har suka zama tilas: uba mai tsanani, auren haɗi, 'yar da ta cire gyale ta samu 'yanci, da shi kansa kwanon abincin nan mai wari. Gaskiya ne yana faruwa, na ji da kunnena daga bakin ɗiyar Yaya. Sai dai in shi kaɗai ake nunawa, rayuwar baƙo ta koma martani ga idon mai gida ke nan, kamar ba shi da wata damuwa sai yadda ake ganinsa. Eddie Huang, wanda daga littafin tarihin rayuwarsa aka ciro Fresh Off the Boat, tun kafin a fara nunawa ya fito fili ya ce an wanke labarinsa har bai gane shi ba. Dukan da ya sha a gida da sauran ɗacin da ke littafin duk an share. Bayan zango ɗaya ya daina sa muryarsa a shirin, shi kuma shirin ya ci gaba har zango shida.

Minari, fim ɗin Lee Isaac Chung na 2020, ya ɗauki wata hanya dabam, kuma shi ne na fi so a duk waɗanda na ambata. Iyali 'yan Koriya ne suka koma karkarar Arkansas a shekarun 1980. Mijin da matar suna aiki a gidan ƙyanƙyasa, suna wuni suna ɗaga 'yan tsaki ɗaya bayan ɗaya suna raba maza da mata, matan a ajiye, mazan a ƙone. Shi burinsa gona, ita tsoronta lafiyar ɗansu mai ciwon zuciya da nisan asibiti. Rigimar fim ɗin tana cikin ɗaki, tsakanin mata da miji, a kan bashi da ruwan ban gona. Turawan garin suna gefe, ba su ne alƙalai ba. Akwai wurin da kakar yaran ta iso daga Koriya ta fara kwance kaya, ta fito da ƙullin garin barkono da busasshen kifi, 'yarta ta shinshina sai hawaye. Ba wanda ya tsaya ya yi bayanin mene ne wannan ko me ya sa take kuka. Ni da na ga yadda Hajiyarmu take ɗaure kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa a leda uku-uku duk lokacin da aka samu mai tafiya wajen Yaya, ban bukaci bayani ba. Abin da aka faɗa da gaskiyarsa filla-filla ya fi saurin isa zuciyar na nesa a kan wanda aka sassauta don kowa ya gane.

Duk da haka, da aka zo rabon lambobin yabo na Golden Globe a 2021, sai aka jefa Minari a rukunin fina-finan harsunan waje, aka hana shi takarar gwarzon fim, domin fiye da rabin maganar ciki da Koriyanci ake yi. Daraktan haifaffen Denver ne, kamfanonin Amurka ne suka yi fim ɗin, a Amurka aka ɗauke shi, labarin kuma na neman arziki a Amurka ne. Haka aka yi wa The Farewell na Lulu Wang shekara guda kafin nan. Mu ma mun ɗanɗani irin wannan ta ɗaya gefen. A 2019 masu Oscar sun cire Lionheart na Genevieve Nnaji daga rukunin fina-finan ƙasashen waje saboda Turancinsa ya yi yawa. Na can an ce bai cika ɗan ƙasa ba don yana yaren iyayensa, na nan an ce bai cika baƙo ba don yana yaren da aka yi masa mulkin mallaka da shi. A ƙarshe dai Youn Yuh-jung, wadda ta fito a matsayin kakar, ta ɗauki Oscar a watan Afrilun 2021.

Akwai kuma rigimar cikin gida, wadda ba a cika son magana a kanta ba. Idan al'umma guda tana da shiri ɗaya tak, to shirin nan ya daina zama labarin iyali ɗaya, ya koma jakada. Kowa yana so ya ga kansa a ciki, kuma a gan shi da kayan sallah. Da BBC ta fara nuna Citizen Khan a 2012, labarin wani Bapakistane mai son girma a Birmingham, ƙorafi kusan 200 ne ya shigo bayan kashin farko, galibi daga Musulmi, duk da cewa Adil Ray da ya ƙirƙiro shi Musulmi ne ɗan garin. Ramy na 2019, a kan saurayi ɗan asalin Masar a New Jersey da yake kai-kawo tsakanin masallaci da son zuciya, ya kawo wa Ramy Youssef lambar Golden Globe, ya kuma kawo masa suka mai zafi daga Musulmi. Ni ma akwai wuraren da na ga an wuce gona da iri, kuma ba shiri ne da zan ce a kalla da yara ba. Amma na fahimci abin da ya sa zafin ya yi yawa. Wanda aka shekara da shekaru ana nuna shi da bam a ƙugu, in ya samu dama ɗaya yana son rufin asiri, ba tonon silili ba. Marubuci kuwa in an hana shi nuna aibin mutanensa, abin da zai fitar talla ce. Iyalin Bature a talabijin suna da damar su zama mashaya, maƙaryata, masu cin amana, ba wanda zai ce an zagi Turawa, saboda akwai wasu iyalai ɗari a sauran tashoshi. Abin da baƙo ya rasa ke nan: yawa. Shi kansa Bob Hearts Abishola ya sha suka lokacin da Kemi ta jero mazan da suka dace a aura, ta sa Baƙaƙen Amurka a can ƙasa. An ji ciwo, amma irin maganar da ake yi ce a wasu gidajen 'yan Afirka a can, kuma sai 'yar gida ce za ta san da ita har ta yi ƙarfin halin fito da ita.

Kalmar "baƙi" ma buhu ce da aka cusa mutane iri-iri. In the Heights na 2021 an yi shi ne a kan unguwar Washington Heights ta New York, mai cike da 'yan Dominika, da yawansu baƙaƙe wuluk, amma manyan 'yan wasan kusan duk masu hasken fata ne, har Lin-Manuel Miranda ya fito ya ba da haƙuri. Musulmi a allon Amurka kusan kullum Balarabe ne ko ɗan Pakistan, alhali kusan ɗaya cikin biyar na Musulmin ƙasar Baƙar fata ne. Ɗan Najeriya kuwa Bayarabe ne ko Ibo, kuma galibi Kirista. Shi ya sa na ji daɗin ganin Fatima, Musulma 'yar Najeriya mai gidan abinci, a Little Mosque on the Prairie da Zarqa Nawaz ta ƙirƙira a Kanada a 2007. Game da ko dole sai Bakoriye ne zai fito a Bakoriye, ni ban tsananta ba. Randall Park ɗan asalin Koriya ne ya yi uban 'yan Taiwan, Simu Liu haifaffen Sin ya yi ɗan Koriyawa, kuma sun yi kyau. Wasa ai kwaikwayo ne. Inda nake tsayawa shi ne harshe. Duk ɗan Najeriyar da ya ji Will Smith a Concussion na 2015 yana kwaikwayon Dokta Bennet Omalu ya san wannan karin ba na kowane gari ba ne a ƙasar nan. An yi shi ne don kunnen da bai san bambanci ba, kuma hakan ya nuna wanda aka damu da shi.

Sai kuɗi, wanda shi ne uban tafiyar. Netflix ta rufe One Day at a Time, labarin iyali 'yan asalin Kuba, a 2019 bayan zango uku, ta ce masu kallo ba su isa ba. Gordita Chronicles, a kan iyali 'yan Dominika a Miami, an fara shi a 2022, aka soke shi bayan zango ɗaya, sannan aka goge shi ɗungurungum daga manhajar HBO Max kafin shekarar ta ƙare. A zangon ƙarshe na Bob Hearts Abishola an zaftare kasafi, aka rage matsayin kusan duk 'yan wasan in ban da manyan biyun. Duk lokacin da aljihu ya girgiza, irin waɗannan ake fara sallama. Masu Oscar sun kafa ƙa'ida da ta fara aiki a bikin 2024, cewa fim mai neman babbar lamba sai ya cika biyu daga cikin sharuɗɗa huɗu na shigar da kowa. Amma biyu daga cikin huɗun sun shafi ɗaukar masu koyon aiki ne da ma'aikatan talla, don haka kamfani yana iya tsallakewa ba tare da ya taɓa labarin ko marubucinsa ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Laifi tudu ne. Bahaushe ya san zafin wannan abu ba sai ya je Amurka ba. Shekara nawa fina-finan kudu suka yi suna nuna shi a bakin get da 'yar rediyo a kunne, ba suna sai "aboki", ba mata ba 'ya'ya, ba garin da ya baro, ana dariyar yadda yake furta Turanci? Mu kuma da muka samu namu allon, me muka yi da Ibo ɗan Sabon Gari da Bagwari da Bafulatanin daji? Sau da yawa Bahaushe ne yake ɗaura zane ya karya harshe don a yi dariya. Iyalin da kakansu ya zo Kano da jirgin ƙasa, jikokinsu suka fi wasunmu iya Hausa, su ma iyalin baƙi ne, suna da irin rigimar uba da ɗa da muke yaba wa a fina-finan waje.

Mu kanmu baƙi ne a wurare da yawa, tun kafin a san biza. Akwai zangon Kumasi da Sabon Zango na Akara, inda fataken goro suka sauke kaya suka hayayyafa. Akwai Mai Wurno a bakin kogin Nilu a Sudan, garin da mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Akwai jikokin alhazan ƙafa a Makka da Jidda da har yanzu ake kira takari. Kowane gida a cikinsu yana da kakar da take magana da Hausa jika yana amsawa da wani harshe, da rigimar takardar zama, da tambayar ina ne gida. Amma in Kannywood ta fita waje, galibi dogayen gine-gine take nema don ɗaukar waƙa.

Wani ɗan ci-rani daga Nijar ya taɓa bin wannan hanya tun daga farko har ƙarshe. Oumarou Ganda, haifaffen Yamai, ya yi wa Faransa aikin soja a Indocin, wato yankin Vietnam, ya dawo bai samu abin yi ba, ya gangara Abijan yana dako a tashar jiragen ruwa. A can Jean Rouch, Bafaranshe, ya same shi ya sa shi a Moi, un noir na 1958, fim a kan rayuwar samarin Nijar a unguwar Treichville. An ɗauki hotunan babu sauti, daga baya aka zaunar da Ganda yana kallon kansa yana magana yadda ta zo masa. Fuskar tasa ce, muryar ma tasa ce, abin da ba a saba ba wa ɗan Afirka ba a lokacin, amma na'urar da almakashin tacewa da sunan da ke jikin fim ɗin na Rouch ne. Ganda ya koma Yamai ya koyi aikin. Fim ɗinsa na farko, Cabascabo, labarin tsohon soja ne da ya dawo daga Indocin abokai suka cinye masa kuɗi, shi ya rubuta, shi ya ba da umarni, shi ya fito a ciki. A 1972, shekara 14 bayan fitowar fim ɗin da aka ɗauke shi yana sauke buhuna a Abijan, aka ba da babbar lambar bikin fina-finan Afirka na FESPACO a Wagadugu karo na farko, kuma fim ɗinsa Le Wazzou polygame ne ya ɗauke ta.